Kafin ka biya kuɗin gem na gwanjo, san zamaninsa

Aikina gyaran kayan lantarki ne, kuma abin da ya fi ci min rai shi ne ganin yaro ya tara kuɗinsa wata da watanni, ya sayi gem, wato na'urar wasan bidiyo, na gwanjo, ya kawo min shi a leda washegari yana warin ƙuna. Galibi binciken minti goma a gaban mai kaya da ya raba shi da wannan asara. Kowane zamani na waɗannan na'urori yana da inda ciwonsa yake, don haka in ka san zamanin wanda ke hannunka, ka san inda za ka fara taɓawa.

Wuta ce farko, ko wane iri ne. Wutarmu ta Najeriya da Nijar tana tsakanin bolt 220 zuwa 240, ta Amurka 120, ta Japan 100. Juya na'urar ka karanta takardar da ke manne a ƙasanta ko a jikin adaftarta. In ka ga 100-240V, ba damuwa. In ka ga 120V ko 100V kaɗai, kada ka kuskura ka soka ta a bango sai da taransifoma mai rage wuta. Ƙara ɗaya za ka ji, shi ke nan. Ko mai shago ya ce "ai duk ɗaya ne", kai dai ka karanta da idonka.

Masu kaset su ne tsofaffi: Atari 2600 na 1977, Famicom da Nintendo ta fitar a Japan a 1983 ya shiga Amurka da sunan NES a 1985, Mega Drive na Sega a 1988, Super Famicom a 1990, har zuwa Nintendo 64 a 1996. Waɗannan ba su da wani abu mai juyawa a ciki, shi ya sa suke da ran ƙarfe. Ciwonsu datti ne a bakin kaset. Duba haƙoran tagullar nan, in sun yi baƙi ko kore, ka jiƙa auduga da sifirit ka goge, ka bari ya bushe sannan ka saka. Busawa da baki da muka saba muna yara ba gyara ba ce, damshin numfashi tsatsa yake jawowa. Ka kuma sani, yawancin "Family game" da suka cika gidajenmu da kaset mai alƙawarin wasa dubu tara kwaikwayon Famicom ne, ba na asali ba. Suna aiki, amma kada a sayar maka da su a farashin na Nintendo. Bindigar harbin agwagwa kuwa ba ta aiki a filasma, sai tsohuwar talabijin mai ƙeya, don da yadda ita take zana hoto aka ƙera ta.

A zamanin faifai nake so ka fi natsuwa, don nan kasuwarmu ta fi yawa. PlayStation na farko ya fito a ƙarshen 1994 da faifan CD, PlayStation 2 ya biyo a 2000 da DVD, kuma an sayar da shi sama da miliyan 150 a duniya, shi ya sa har yau ba ya yankewa a gwanjo. Faifai ya kawo wasanni masu girma da araha, ya kuma kawo ido mai karanta shi da moto mai juya shi, abubuwa biyu masu tsufa. Ga yadda nake gwada PS2. Ina zuwa da faifai uku: mai baƙin ciki na PS1, mai shuɗin ciki wanda CD ne, da mai launin azurfa wanda DVD ne. Ido yakan gaji ta gefe ɗaya, ya karanta wannan ya ƙi wancan, mai kaya kuma wanda ke tashi zai saka maka. Kasa kunne a jikin na'urar lokacin da take karatu. Ƙaramin shuuu mai tafiya daidai lafiya ne. In ka ji ƙas-ƙas-ƙas tana komawa baya tana sake farawa, idon ya kusa, ka cire kuɗin sabo daga ciniki.

Sai ka duba lambar da ta fara da SCPH a bayanta. Lambobi biyun ƙarshe suna gaya maka ƙasar da aka yi wa ita: 00 Japan, 01 Amurka, 03 Ingila, 04 sauran Turai. Wannan ya shafi abu uku. Babbar PS2 mai kauri wutarta a ciki take, ta Amurka ko Japan ba ta ɗaukar tamu. Faifan Turai ba ya tashi a na'urar Amurka in ba a sauya mata tsari ba. Tsarin hoton talabijin na Amurka da Japan kuma NTSC ake kiransa, na Najeriya PAL, shi ya sa wani lokaci hoto ke fitowa fari da baƙi a tsohuwar talabijin alhali gem ɗin lafiyarsa ƙalau. Ni dai na fi ba mutum shawarar 03 ko 04. Siririyar da ta fito a 2004 tana da murfi a sama, ka danna shi ka ga yana rufuwa gam, don in ya saki na'urar za ta ɗauka a buɗe take ta ƙi juya faifai. Kar ka manta katin ajiya mai 8MB, in babu shi duk kofin da ka ci ya tafi da ɗaukewar wuta.

Xbox 360 na 2005 da PS3 na 2006 sun zo da ƙarfi, ƙarfin ya zo da zafi. Na farkon Xbox 360 sun yi suna da jajayen fitilu uku a zoben maɓalli, har Microsoft ta tsawaita garantinsu zuwa shekara uku a 2007. Babbar PS3 ita kuma fitila ce rawaya ke ƙiftawa ta mutu. Irin waɗannan ana iya gasa musu allo da iska mai zafi su farfaɗo na ɗan lokaci, daidai a sayar. Duba takardar hatimi da kan kusoshi ko an taɓa buɗewa, sannan ka nemi a bar wasa mai nauyi yana gudana rabin awa. Wanda ya ƙi yarda da wannan ya ba ka amsa. Siririyar PS3 ta 2009 ta fi jure zafinmu. In ka kai ta gida ba hoto, kada ka tsorata: tana kashe, riƙe maɓallin kunnawa har ka ji ƙara ta biyu, za ta sake neman wayar da ka jona, ko HDMI ko mai kai uku, rawaya da ja da fari. Adaftar wutar Xbox 360 ita ma kowace ƙasa da irin tata, karanta jikinta.

Daga PS4 da Xbox One na 2013 zuwa PS5 na 2020, matsalar ta koma ramin HDMI da asusu. Haska ramin da fitilar waya ka ga ko wani haƙori ya lanƙwashe, ka ɗan girgiza wayar tana ciki ka ga ko hoto zai ɗauke. Wasannin da ke cikin na'urar sau da yawa na asusun tsohon mai ita ne, ranar da ya janye shi sai kwaɗo ya bayyana a kansu, don haka kar ka biya kuɗinsu kamar naka ne. Jona ta da intanet a wurin ka tabbatar kamfani bai toshe ta ba. Akwai PS5 marar ramin faifai, haka Xbox Series S, in kana da tarin faifai waɗannan ba naka ba ne. PS5 tana karɓar kusan duk faifan PS4, amma PS4 ba ta karɓar na PS3.

Hannun gem kuma, wato abin da kake riƙewa kana wasa, shiga wasan ƙwallo ka saki sandunan biyu. In ɗan wasa ya ci gaba da tafiya shi kaɗai, sandar ta lalace. Gyaranta ba tsada, amma kuɗi ne.

In ka kai gida, ɗora ta kan tebur, ba kan kafet ba, ka bar taƙi guda tsakaninta da bango. Da hunturu ka riƙa rufe ta da kyalle in tana kashe, ka goge ramukan iska da busasshen buroshi duk mako. In a janareta za ka kunna, bari ya daidaita tukuna, kuma ka sa sitabilaiza a tsakani.