Kurakuran da malaman lissafi ke tafkawa da yara masu baiwa

Duk shekara ana turo mana sababbin malaman lissafi a makarantarmu da ke gefen Abuja, 'yan bautar ƙasa da masu neman sanin makamar aiki, kuma kusan kowa da tunani ɗaya yake zuwa: yaro mai kaifin basira ba ya buƙatar malami, zai kula da kansa. Daga wannan tunanin sauran kurakuran ke tsirowa.

Na farko, wanda ya fi ƙona mini rai, shi ne soke amsar yaro don bai bi hanyar malam ba. Akwai yarinyar da na daɗe ina shiryawa don gasa. Wani sabon malami ya ba su aikin tara lambobi daga 1 zuwa 100, ita kuwa ta haɗa 1 da 100, 2 da 99, ta ga kowane biyu 101 ne, sau 50, ta rubuta 5050 ta ajiye biro. Ya zabga mata jan biro, wai ba haka ya koyar a allo ba, har da zargin satar amsa. Wannan fa ita ce dabarar da ake ba da labarin Gauss, shahararren masanin lissafin Jamus, ya yi tun yana ɗan firamare! Daga ranar yarinyar ta daina ɗaga hannu, ta kuma daina zuwa ƙungiyar lissafi, duk lallashin da na yi ya tashi a banza. Malam, in ba ka gane hanyar yaro ba, ba laifinsa ba ne. Ni abin da nake yi, in miƙa masa alli in ce, "Zo ka nuna mana." In hanyar ta tsaya da ƙafarta ya ci makinsa cif. In ta faɗi, a allon za mu ga inda ta karye, kuma duk aji ya ƙaru.

Na biyu, ƙarin aiki iri ɗaya. Yaro ya gama tambayoyi goma kafin kowa, sai ka ce, "To yi na 11 zuwa 30." Horo ke nan ka yi masa don ya yi sauri, kuma yara ba wawaye ba ne: gobe zai ja ƙafa da gangan, ko ya juya baya ya tayar maka da surutu, ka zo ofis kana cewa ba shi da tarbiyya. Zurfi yake nema, ba yawa ba. A aljihun rigata kullum akwai 'yar takarda mai tambaya ɗaya da ke cin lokaci. Misali: 1+3 ya ba da 4, ƙara 5 ya zama 9, ƙara 7 ya zama 16. Me ya sa kullum ake samun lambar da aka ninka da kanta? Kada ka ba shi amsa, ko ya roƙa. Bar shi ya kwana da ita.

Sauran a taƙaice. Kada ka mai da shi ƙaramin malami kullum. Iyayensa karatu suka kawo shi, ba albashinka yake ci ba. Kada ka riƙa zagin aji da sunansa, "ku dubi wane," abokan gaba kake tara masa. Kyan rubutu ba baiwa ba ne, rashin Turanci kuma ba rashin lissafi ba ne. Sake karanta wa yaro tambayar da Hausa ka sha mamaki. 'Yan matan da ke shiru a bayan aji kuwa, duba littattafansu da kanka.

Sai masu cewa, "Ai irin waɗannan Gwagwalada ko Suleja ya kamata a kai su." Gaskiya ne akwai makarantar masu baiwa a Gwagwalada, akwai ta Gwamnatin Tarayya a Suleja, amma gurbi nawa ne a ciki? Mafi yawansu a ajinka za su gama sakandare. Cibiyar Lissafi ta Ƙasa tana nan Sheda a yankin Kwali, ita ke shirya gasar Olimfiyad ta lissafi. Nemo tsofaffin tambayoyinta, ka matsa wa shugaban makaranta a yi wa yaran rajista da wuri, sannan ka zauna ka warware tambayoyin da kanka kafin ka raba musu, don wasu sai sun sa ka gumi.