Yadda za ka tada kulob ɗin bols a unguwarku, daga wanda ya sha wuyarsa a Kano

Duk wanda ya leƙo ya ga dattawan unguwarmu sun sunkuya suna gara ƙwallo a kan kafet bayan la'asar, tambaya biyu yake yi, wannan kuma wane irin wasa ne, sannan a hankali ya matso ya ce ba dai caca bace ko? To ba caca bace. Sunansa lon bols, mu dai bols muke cewa, kuma tsohon wasa ne sosai, a garin Sawzamton na Ingila akwai filin da ake bugawa tun 1299, sai dai 'yan Sikotlan ne suka tsara masa dokoki irin na yanzu. Yana cikin wasannin Kwamanwels, wato na ƙasashe renon Ingila, tun na farko a 1930, sau ɗaya kawai aka tsallake shi, a 1966 da aka yi a Jamaika. Ni a talabijin na fara ganinsa a 2022 lokacin da aka yi a Bamingam, matan Indiya su huɗu suka doke na Afirka ta Kudu suka ɗau zinare, ina kallo ina dariya wai wannan ma wasa ne, ashe ni za ta ƙare wa.

Wasan kansa a minti goma zaka gane shi. Akwai wata 'yar ƙaramar ƙwallo fara ko ruwan ɗorawa, jak ake ce mata, mu kuma ƙwai muka sa mata kuma sunan ya bi ta. Ita ake fara garawa ta tsaya can gaba, sai ɓangare biyu su riƙa gara manyan ƙwallayensu bi da bi, kowa na son tasa ta fi kusa da ƙwan. In an gama sai a je a duba, wanda tasa ta fi kusa shi ya ci turmin, kuma duk ƙwallonsa da ta fi ta abokin karawa mafi kusa matsowa maki ɗaya ce. Kaga kenan zaka iya cin ɗaya, zaka iya kwashe huɗu a turmi guda. Daga nan a juyo a bugo ta ɗaya ɓangaren. In mutum biyu ne ke karawa kowa ƙwallo huɗu yake riƙewa, wanda ya riga kai 21 ya ci. In hurhuɗu ne kowa biyu.

Inda gizo ke saƙar shi ne ƙwallon ba ta tafiya a miƙe. Gefe ɗaya an fi zaftare shi tun daga kamfani, ba wai wani ƙarfe aka cusa ciki ba kamar yadda mutane ke zato, siffar ce kawai, saboda haka in ta fara rage gudu sai ta lanƙwaso kamar lauje. Duba jikinta zaka ga tambari biyu, babba da ƙarami, to ɓangaren ƙaramin nan take karkatowa. Don haka ba ƙwan ake saitawa ba, gefe ake saitawa a bar ta ta yi kwana da kanta ta dawo. Kawuna ranar farko ya riƙe ta a juye, ya sunkuya da babbar riga ya sake ta da yanga, muna kallo ta bar layi ta yi hanyar bakin ƙofa ta je ta daki butar wani, ya miƙe ya ce wallahi wannan ƙwallon taku da aljanu. Na ce Kawu ƙaramin tambarin ciki zai kalla. Tun ranar muka yi doka duk wanda ya juya ta shi zai sayi shayi, kuma har shugaba ya saya sau biyu.

Yanzu maganar fili, nan nake so ka nutsu don nan ne muka ƙone kuɗi. Filin gaske murabba'i ne, kowane gefe tsakanin mita 31 zuwa 40, an raba shi layi layi mai faɗin wajen mita 5, ga kwata zagaye da shi, ga ciyawa da aka aske ƙasa ƙasa kamar kan ango, kuma ƙwan dole ya yi tafiyar aƙalla mita 23 kafin a yarda da shi. Lissafa da kanka, ko mafi ƙanƙantar ya haura fuloti biyu na ƙafa 50 da 100, a Kanon nan da ake yanka fili kamar tsire. Ka ce ka samu filin, ina ruwan? Daga Oktoba zuwa Afrilu kusan babu ɗigon sama, wata bakwai kenan kana shayar da ciyawa kullum a unguwar da mutane ke jiran mai ruwa da kura, ai ko maƙwabta ba za su yafe maka ba. Ciyawar da ake shukawa a ƙasashe masu zafi irin Afirka ta Kudu da Ostireliya dangin kirikiri ce, wadda manomi ke yaƙi da ita a gona, don haka za ta rayu a nan, amma sai da bohol, da injin aski na musamman, da mutum guda da ba shi da wani aiki sai ita. In ba ku da wani Alhaji da ya tsaya muku, ku manta da ciyawa tukuna.

Abin da ya fishshe mu shi ne na gajeren kafet, wanda Turawan ma da kansu suke yi a cikin ɗaki in sanyi ya hana su fita. Tsawonsa mita 12 zuwa kusan 14, faɗi mita 1.8, sai a ajiye ɗan guntun katako a tsakiya, duk ƙwallon da ta taɓa shi ta mutu, wannan ke hana masu ƙarfin tuwo wurgo ta a miƙe kamar harsashi, dole ka zagaye. Ƙwallayen iri ɗaya ne da na babban fili, hannun da ka koya a nan shi zaka tafi da shi can. Zauren makaranta, farfajiyar gida mai daɓe, ɗakin taron da babu kowa ranar Talata, duk sun isa.

Amma daɓen nan fa. Mun samu wani kango mai shi ya ba mu aro, muka yi karo karo muka sayo siminti, muka kira magini muka ce a yi mana daɓe sumul. Ya yi kuwa, sumul kamar faranti, muka biya shi har da na goro. Ranar da muka shimfiɗa kafet duk ƙwallon da aka gara sai ta zarce yamma, ko ta wane hannu ka riƙe ta, wadda ya kamata ta lanƙwasa gabas ma sai ta miƙe sak kamar an ja ta da zare. Muka kira shi, ya zo ya tsaya ya riƙe ƙugu ya ce to ai Alhaji gangara na ba shi saboda ruwa, wa yake daɓe babu gangara? Kuma fisabilillahi ta wani fannin da gaskiyarsa, haka ya saba, mu ne ba mu faɗa masa ba. Sai da aka sake zuba wani a kai, kuɗi biyu. Don haka ka gaya wa naka tun kafin ya kwaɓa siminti cewa ba ka son gangara ko ta kaurin farce, ka tsaya a kansa ya auna da tiyon ruwa kusurwa zuwa kusurwa, maganar ruwan sama kuma a yi masa hanya ta gefe ko a yi rumfa. In daɓen da ka tarar ne, ɗauki ƙwallon yara ka ajiye a wuri biyar, in ta motsa da kanta nemi wani wurin.

Kafet ɗin kada ya zama mai gashi irin na falo, ƙwallo nutsewa take ta tsaya a rabin hanya. Mai ɗan tauri, gajeren gashi, kuma falle ɗaya babu haɗi a tsakiya. Ciyawar roba ta filin ƙwallon ƙafa ma ta yi tsayi, mun gwada.

Su kansu ƙwallayen ni dai na taka Sabon Gari da ƙafata ban dace ba, wani ma ƙwallon ƙarfe irin ta Faransawa ya miƙo min, wannan wani wasan ne daban, ba ta kwana. Hanyar da muka bi ita ce 'yan uwa da ke Ingila, can na hannu sun yi yawa, na kamfanoni irin su Taylor, Henselite, Drakes Pride. Saiti guda huɗu ne kuma dole su zama 'yan gida ɗaya, girma ɗaya tambari ɗaya, kar a haɗo maka gauraye. Kowace ba ta wuce kilo 1.59, saiti ɗaya wajen kilo shida kenan, don haka ka lallaɓa mai kawowa, nauyin jakarsa kake ci. Ku nemi masu lamba ƙanana saboda dattawa da mata da yara, babba in hannu bai kama ta ba suɓucewa take. Saiti biyu sun isa a fara, mutum takwas suna iya wasa da su in kowa ya haƙura da guda. Wani ya kawo shawarar a kai wa masu sassaƙa su fafe mana, mun gwada biyu, kyau kam sun yi kyau amma kowace da inda ta nufa.

Sauran kaya ba su da yawa, 'yar shimfiɗar roba da mai garawa zai taka, don dole ƙafa ɗaya tana kanta ko saitinta lokacin sakin ƙwallo, sai alli na yi wa duk ƙwallon da ta taɓa ƙwai alama, don ita ko ta faɗa kwata ba ta mutu ba, sai tef na awo. Takalmi kuma mai shafaffen ƙasa, ko a cire a shiga da safa. Tef ɗin nan kada ka raina shi, a garin nan yaro ba zai kalli sa'an babansa ya ce Baba tawa ta fi kusa ba, sai ya yi shiru ya cinye a ciki ya daina zuwa. Mu doka ce ko kowa ya gani da ido, in dai an yi jim to a auna, tef ba ya jin nauyin kowa. Haka wajen zaɓen kyaftin, wanda ke tsayawa wajen ƙwai yana nuna inda za a biyo kuma shi ke buga na ƙarshe, iyawa ake dubawa ba furfura ba. Namu mafi iyawa ɗan sakandare ne, zaka ji yana cewa Baba ta dama za ka biyo, a hankali dan Allah, Baba kuma ya ce to ranka ya daɗe, kowa ya yi dariya. Sabon shiga kuma a sa shi na farko, aikinsa kawai ya matso kusa da ƙwai, kar a dame shi da dabaru.

Shugabanci kada ku cika kujeru. Shugaba, sakatare, ma'aji, da mai kula da fili, shikenan, kuma wannan na ƙarshen ya fi shugaban amfani. Kuɗin wata ku sa kaɗan wanda ɗan fansho zai iya ba tare da ya ji ba, kowa ya biya a rubuta a littafi a gabansa, ƙarshen wata ma'aji ya ɗau hoton shafin ya tura guruf ɗin WhatsApp ko ba wanda ya tambaya. Kun san yadda adashi ke watsewa, ba sai an ci kuɗi ba, zargi kaɗai ya isa. In kuka girma har kuna son asusun banki da sunan kulob sai ku je CAC, hukumar rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi, ku yi rajista, hannu biyu a kan cire kuɗi. Kafin duk wannan ku je ku gaida mai unguwa ku faɗa masa abin da kuke yi, ku gayyato liman ya zo ya gani da idonsa, namu har ya gara guda biyu. Kuma maganar sa kuɗi a kan wasa ko naira hamsin ce a kashe ta tun ranar farko, wanda ya kawo a yi masa gargaɗi, ya sake a sallame shi, don rana ɗaya aka ce ana caca a wurin ku an gama da ku.

Lokaci kuma bayan la'asar ne zuwa kiran magariba, ana kira a ajiye ko turmi bai ƙare ba. Watan Maris zuwa Mayu da zafi ke kai 40 in babu rumfa kafet ɗin har ƙafa yake ƙonawa, sai mu koma bayan asuba. Da azumi bayan asham da fitilar sola, kuma abin mamaki lokacin aka fi cika. Mata mun ware musu Asabar da hantsi, a rufe ƙofa, su ke da kyaftin ɗinsu da littafinsu, yara kuma Alhamis da Juma'a da yamma tunda babu makarantar allo.

Hunturu shi ne abokin gaba. Ƙura na kwanciya a kafet ta rage wa ƙwallo gudu, hannu ya bushe ta riƙa zamewa, don haka shara kafin a fara dole ce, kowa kuma ya riƙe ɗan tsumma mai danshi a aljihu. In an tashi kada a ninke kafet, karyewa yake ya bar layi kuma layin nan ba ya fita, a naɗe shi a jikin bututun roba mai kauri mutum biyu su ɗauka, a ɗora a kan benci ba a ƙasa ba saboda gara da ɓera. Ƙwallaye a goge a ƙirga a mayar jaka, kar a bar su a but ɗin mota cikin rana. Ƙwan kuma mutum ɗaya ke tafiya da shi gida a aljihu, tunda na farkon da muka bari a kangon yaran layi suka yi gaba da shi, sai da muka yi sati uku muna wasa da lemon tsami kafin wani ya iso.