Yadda Ake Tausar Hannu Ga Matar da Ake Yi wa Gashin Ciwon Daji

Gashin ciwon daji, wato kashe ƙwayoyin cutar da hasken na'ura a asibiti, ba ya zafi a lokacin da ake yin sa, amma yana tara gajiya. Yawanci daga Litinin zuwa Juma'a ake yi, na tsawon mako 3 zuwa 7, kuma wajen mako na biyu ko na uku kasala take sauka, irin wadda barci ba ya korewa. Ga kuma wahalar zirga-zirga: wadda ta taso daga nesa zuwa asibitin Shika a Zariya, ko asibitin koyarwa na Sakkwato, ko Babban Asibitin Ƙasa na Abuja, sau da yawa a gidan dangi take raɓewa har a gama. Tausar hannu ba ta warkar da cutar. Aikinta shi ne ta saki jiki, hankali ya kwanta, barci ya zo da sauƙi.

Akwai masu gudun taɓa wadda ta fito daga ɗakin gashi, wai kada zafin ya shafe su. Gashin da na'ura take yi daga waje ba ya barin komai a jikinta da zai cutar da ke mai jinyarta. Idan na ciki aka yi mata, kamar yadda ake yi a sankarar bakin mahaifa, ki tambayi likita tukuna.

Abu na farko shi ne zaɓen hannu, kuma nan ne ya fi buƙatar lura. Matar da aka yi wa aikin mama aka cire mata kaluluwar hammata, ko ake gasa hammatar, hannun wannan ɓangaren yana iya tara ruwa ya kumbura. Ki bar shi, ki kama ɗayan, sai in likita ya ba da izini. Haka nan a kauce wa inda aka sa allurar ƙarin ruwa, da inda akwai rauni ko ƙuraje. Idan tana zazzaɓi, ko jikinta yana yin tabon jini da an ɗan taɓa, ko an ce cutar ta kai ƙashi, a dakata a ji ta bakin ma'aikatan jinya.

Sai shiri. Ki yanke farce, ki cire zobe da awarwaro, ki wanke hannu da sabulu. Ta jingina, a ɗora hannunta a kan matashi. Man kaɗanya ko man kwakwa kaɗan ya isa, ki murza shi a tafinki ya yi ɗumi. Ban da man zafi, ban da mai turare, don ƙamshi yana tayar wa da yawansu zuciya. Kuma kada man ya kai fatar da ake gasawa.

Yanzu tausar kanta. Mu Hausawa mun saba da tausa mai danna jijiya har sai mutum ya yi nishi. Wannan ba ita ba ce. Ƙarfin da za ki sa bai wuce na shafa wa jariri mai bayan wanka ba. Ki riƙe hannun tsakanin tafukanki biyu na ɗan lokaci ba motsi. Daga nan ki shafa bayan hannun daga yatsu zuwa wuyan hannu, a hankali, kamar sau goma. Ki bi 'yan kwaruruwan da ke tsakanin ƙasusuwa da babban yatsanki. Ki juya hannun, ki riƙa zagaya tsakiyar tafin da tsokar gindin babban yatsa. A nan aka fi jin daɗin, don haka ki daɗe. Sannan yatsu ɗaya bayan ɗaya, daga gindi zuwa kai. Kada ki ja, kada ki lanƙwasa su don su yi ƙara, ko da ta roƙa.

Minti 5 zuwa 10 ya wadatar, kuma bayan isha ya fi dacewa. Ki tambaye ta, "Inna, ya yi ƙarfi?" Wadda ta sha allurar kimo, wato maganin kashe ƙwayoyin daji, yatsunta kan mutu, ba lallai ta ji an matsa da yawa ba, sai ki ƙara sassautawa. In ta yi shiru ki ƙyale ta, ba lokacin labarin gida ba ne.

Idan gajiyar ta zo da haki, jiri ko bugun zuciya, ko idonta ya yi fari, wannan ya wuce tausa. Ƙarancin jini yana yawan biyo bayan magani, a gaya wa likita a gwada jininta kafin gashi na gaba.