Yadda ake haɗa lambu a bokiti ko a fili ba tare da ruwa ya kashe shukar ba

Yawancin masu fara lambu ba ƙarancin wuri ke kayar da su ba. Mai 'yar baranda da mai makeken fili, kusan abu ɗaya ke cinye musu shuka: saiwa ta kwana cikin ruwa har ta ruɓe, ganye ya langaɓe, mai lambu ya ɗauka ƙishirwa ce ya ƙara kwarara ruwa.

Ka fara da rana. Tumatir, barkono da tattasai suna son ta buge su kai tsaye awa 6 zuwa 8 a yini. In wurinka bai samun haka, kada ka wahalar da kanka, shuka latas ko na'a-na'a, su suna haƙuri da inuwa.

Sai mazubi. Tumatir ɗaya, bokiti ɗaya mai cin lita 20. Ɗaya na ce, ba uku ba. Latas kuwa zurfin santimita 15 zuwa 20 ya ishe shi. Ba sai ka kashe kuɗi a tukunyar fure ba, tsohon bokiti, yankakkiyar jarka ko buhu duk suna yi, muddin ba a taɓa zuba musu fenti, man inji ko maganin ƙwari ba.

Ka gasa ƙusa mai kauri a wuta, ka huda gindin bokitin wuri 6 zuwa 8, kowane rami ya kai kusan santimita 1. Sannan ka ɗora shi a kan bulo biyu, domin bokitin da ya zauna daram a siminti ya toshe ramukansa da kansa. Wasu za su ce maka ka shimfiɗa tsakuwa a ƙasan mazubi don ruwa ya wuce. Kada ka yi. Ruwa ba ya tsallakawa daga ƙasa mai laushi zuwa tsakuwa sai ta jiƙe sharkaf, saboda haka abin da ka yi kawai shi ne ka ɗago wurin da ruwa ke taruwa kusa da saiwa, ka kuma rage wa shukar wurin zama.

Ƙasar da ka kwaso a waje, in ka zuba ta ita kaɗai a bokiti, bayan ban ruwa kaɗan za ta daskare kamar tubali. Saiwa tana numfashi, kuma iskar tana cikin 'yan ƙofofin da ke tsakanin ƙwayoyin ƙasa ne. Ni haɗina kashi uku ne daidai wa daida: ƙasa, ruɓaɓɓen taki, da yashi mai kaushi ko buntun shinkafa. Ka ɗan jiƙa haɗin, ka dunƙula a tafin hannu, ka buɗe. In ya tsaya a dunƙule amma da ka dangwale shi da yatsa ya wargaje, ya yi. In ya liƙe maka a hannu yana sheƙi, ƙara yashi. Takin kuma lallai ya ruɓe har ya daina wari da zafi. Ɗanyen kashin kaji ƙone saiwa yake yi.

Mai fili shi ma bai tsira ba. Haƙa rami mai zurfin santimita 30, cika shi da ruwa, bari ya tsotse, ka sake cikawa. In ka dawo washegari ka tarar da ruwa kwance, ƙasarka mai laka ce, sai ka tada kunya ko ka ɗaga fangalin kamar santimita 20. Kada faɗinsa ya wuce mita 1.2, yadda hannunka zai kai tsakiya daga kowane gefe ba sai ka taka ba. Takawa ke danne ƙasa.

Ban ruwa ba a yin sa da agogo. Ka soka yatsa har gaɓa ta biyu. Da danshi? Bar shi. A bushe? Zuba a gindin shukar, a hankali, har ka ga ya fara ɗiga ta ramukan gindin bokitin, kuma da safe. Yayyafi kaɗan-kaɗan kullum yana hana saiwa nutsawa. Ganyen da ya yi laushi da tsakar rana ya miƙe da yamma lafiyarsa lau, zafi ne kawai. Wanda ka tarar a langaɓe da sassafe alhali ƙasa a jiƙe take, ganyen ƙasa kuma na komawa rawaya, wannan ruwa ne ya yi masa yawa. Sai dai a sani, bokiti ya fi fili saurin bushewa, a lokacin zafi yana iya neman ruwa kullum. Yau bushewa gobe ambaliya shi ke sa gindin tumatir ya yi baƙi ya lotsa, domin sinadarin kalsiyam ba ya isa ga 'ya'yan yadda ya kamata. Busasshiyar ciyawa a saman ƙasa tana rage wannan sosai.

Sauran ba su da wuya. Irin tumatir yana tsirowa cikin kwana 5 zuwa 10, a yi dashe bayan mako 4 zuwa 6, da yamma, a binne karan har kusa da ganyen farko don yana fid da saiwa a jikinsa. A fili a bar santimita 50 tsakaninsu. Karas ba ya son dashe, shuka shi inda zai zauna. Kafa wa tumatir sandar da zai jingina tun ranar dashe, in ka bari sai ya girma za ka tsinke saiwa. A bokiti ƙara taki kaɗan duk bayan mako 2 zuwa 3, tunda ruwa na wanke shi. In ka cire tumatir, kada ka mayar da barkono ko gauta a ƙasar, danginsu ɗaya, cutarsu ɗaya. Sa wake.