Larabcin aji ba ya kama gidan haya a Alƙahira

Duk shekara ɗalibai suna sauka a Alƙahira daga Kano, Sakkwato, Zariya da Damagaram, da yawansu da nahawu cike da kai. Su tsaya gaban direban tasi su zubo fusaha, wato Larabcin littafi, da wasali a ƙarshen kowace kalma, shi kuwa ya saurara tsaf, ya ce "sadaƙallahul azim", sannan ya ninka kuɗin mota. Zai fahimce ka, amma ya riga ya gane jiya ka zo. Mutanenmu ba baƙi ba ne a garin nan: tun ƙarni na 13 mutanen Kanem suka gina makarantar Ibn Rashiƙ, kuma Barnawa sun yi ruwaƙinsu, wato masaukin ɗalibansu, a Azhar. Shi ya sa abin takaici ne a ga yaro ya shekara biyu bai iya cinikin tumatir ba, wai shi ba zai ɓata harshensa da ammiyya, Larabcin da mutanen gari ke yi, ba.

Sautukan da za ka gyara kunnenka a kansu ba su da yawa. Jimun a bakin mutumin Alƙahira "g" ne: gamal, gami'a, gineh. Ƙaf yana komawa hamza: alam maimakon ƙalam, ahwa maimakon ƙahwa, sha''a maimakon shaƙƙa. Kalmomi kaɗan ne suka tsira, irin su Ƙur'an da sunan birnin kansa. Harafin "sa" mai ɗigo uku yakan zama "t", kuma a nan Bahaushe yana da sa'a, don talatin da tamanin da yake faɗa tun yana yaro haka ake faɗinsu a kasuwar Ataba. Korewa ana yin ta da "ma" a gaba da "sh" a baya: ma'rafsh, ban sani ba, mafish, babu. Sai ayiz, ina so, fen, ina, bikam, nawa, dilwa'ti, yanzu. Mako biyu sun isa kunne ya saba da waɗannan.

A kanti ka kula, aish burodi ne, ba shinkafa ba kamar yadda waɗanda suka zauna a ƙasashen Gulf suka sani. Laban madara ce, wanda yake son kindirmo zabadi zai ce.

Ƙananan motocin haya da ake kira mikrobas ba su da kwandasta yawancin lokaci. Kuɗinka za ka miƙa wa na gabanka ka ce "wahid", ya wuce hannu zuwa hannu har wurin direba, canji ya dawo ta hanyar da ya tafi. In ka zauna a bayan direba, ka sani kai ne ma'aji. Wurin sauka ka ɗaga murya ka ce "ala gamb ya usta", wato tsaya a gefe, direba. Usta na direba ne da makanike. Dattijo ya hagg, ma'aikacin ofis ya ustaz ko hadritak, ɗan sanda ya basha. Kada ka ce wa jami'i "inta", wato kai, tsirara. A jirgin ƙasa na metro akwai taragun mata a tsakiya, namiji ya duba alamar da ke kan dandamali kafin ya faɗa.

Akwai maganar da ba a ɗaukarta yadda aka faɗe ta. Ka tambayi mai aski ko mai tasi nawa ne, ya ce "khalli", ko "khalliha alaina", wato bar shi kawai. Ba kyauta ya yi maka ba. Ka yi godiya, ka sake tambaya, ka biya. Haka wanda yake cin abinci ya ce "itfaddal": su da kansu suna kiran wannan azumat marakbiyya, tayin masu kwalekwale, na wanda yake tsakiyar kogi yana kiran na bakin gaɓa. Mun san irinsa a "bisimilla" ta gida. In ya nace sau biyu sau uku, to da gaske yake. Kuma in an miƙo maka shayi ka ce "shukran" kaɗai, an ɗauka ka ƙi.

Inda rashin ammiyya yake cin kuɗi sosai shi ne haya. Wanda bai samu ɗaki a Madinatul Bu'us, masaukin ɗaliban Azhar baƙi, ba zai nufi Darrasa, ko Hayyul Ashir da Hayyus Sabi' a Madinat Nasr, kuma mutum uku zai ci karo da su: simsar, wato dillali, da mai gida, da bawwab, mai gadin benen. Da yawa daga masu gadin nan 'yan Sa'id ne, kudancin Masar, kuma harshensu daban: su ƙaf suke mayarwa "g", jimun su bar shi yadda yake. Mutumin Alƙahira zai ce "ul", bawwab ya ce "gul", duk ƙul suke nufi. Sabon zuwa da ya haddace cewa kowane "g" jimun ne sai ya tsaya yana zare ido.

Kafin ka ba kowa ko sisi, ka tsayar da waɗannan da baki, sannan a rubuce. La'adar simsar, wadda yawanci rabin kuɗin wata ce zuwa na wata guda, a yanke ta kafin ya nuna maka gida, ba bayan ka nuna kana so ba. Ta'amin kuɗin ajiya ne, na wata ɗaya ko biyu, a rubuta adadinsa a cikin takardar haya da sharaɗin mayar da shi. Gidan mafrush, mai kaya a ciki, a lissafa kayan ɗaya bayan ɗaya, ka ɗauki hoton firji da famfo da duk tsagewar bango ranar shiga, don daga nan ake cinye ta'amin ranar fita. Ka duba mitar wuta: in ta kati ce ba damuwa, in tsohuwa ce ka nemi rasit na ƙarshe, kada ka gaji bashin wanda ya tashi. A rubuta yawan mutanen da za su zauna. Ɗalibanmu suna da halin mutum biyu su sa hannu, bayan wata guda a tarar da bakwai, kuma bawwab yana ƙirga takalma. A rubuta ƙarin shekara, in akwai. Sannan a kai takardar ofishin Shahrul Aƙari, mai rajistar takardun gidaje, a tabbatar da ita, don ana neman hakan wajen iƙama, wato takardar izinin zama a ƙasar. Mai gidan da ya ce "ma'lesh, mu 'yan'uwa ne, ba sai an je ba", yawanci haraji yake gudu, kai kuma za ka tsaya ba takardar zama.

Abu ɗaya kada ka kuskura: wasl amana. Takarda ce da take nuna an damƙa maka kuɗi amana ka kai wa wani. Wasu masu gida suna miƙo ta ba adadi a kai, su ce ai tabbaci ne kawai. A dokar Masar cin amana laifi ne da ake ɗaure mutum a kansa, ba rigimar bashi ba ce, kuma wanda yake riƙe da takardar shi zai cike adadin da ya ga dama. In an nace sai ka sa hannu, bar gidan.

Bawwab yana da kuɗinsa na wata, ka tambayi maƙwabta nawa suke bayarwa, ka kuma ba shi goron salla. Shi yake sanin wanda ya shiga da wanda ya fita, kuma a benen iyali gwauro ba ya shigo da baƙuwa, ko da 'yar garinsu ce ta kawo saƙo. Tagogin kicin suna buɗewa kan wani rami a tsakiyar gini da ake kira manwar, hirar dare da ƙaurin soyayyen yaji duka ta nan suke hawa har hawa na shida.

Ofishin fasfo da iƙama ya tashi daga ginin Mugamma na Tahrir ya koma Abbasiyya a 2019. Ka je da sassafe da kwafin kowace takarda fiye da ɗaya, ka fara sabuntawa tun iƙamar ba ta ƙare ba, don akwai tara. "Fut alaina bukra", wato dawo gobe, ba lallai gobe take nufi ba, ka tambaya da ladabi wace takarda ce ta rage, da lambar tagar da za ka koma.

A titi za ka ji yara, wani lokaci har manya, suna kiran "ya samara" saboda launin fata. Wani da wasa yake faɗa, wani da raini. Tsayawa faɗa a titi ba ya yi wa baƙo rana, musamman wanda iƙamarsa take hannun hukuma ana sabuntawa. Ka wuce, in abin ya kai ga taɓa jiki ka nufi shagon dattijo mafi kusa ka ce "ya hagg", sau da yawa su suke tsawatar wa yaran. Kuma kullum ka riƙe kwafin fasfo da katin makaranta a aljihu.