Yadda za ku shirya kai ɗalibai yawon ilimi ƙasar Girka daga Katsina

Malamai 'yan uwana, musamman masu koyar da tarihi da falsafa da zanen gini a Jami'ar Umaru Musa Yar'adua da Al-Qalam da ta Dutsin-Ma da Hassan Usman, wannan bayani naku ne, ku da shugabannin ƙungiyoyin ɗalibai da ke ta maganar son kai yara su ga kufan tsohuwar Girka da idonsu. Abu ne mai yiwuwa wallahi, amma yana cin kuɗi sosai, shi yasa nake so duk wanda zai yi ya yi shi a matsayin karatu, ba wai a je a ɗauki hoto a jikin dutse a dawo ba a san ko dutsen mene ne ba.

Toh shirin daga gida yake farawa. Kafin ku nemi biza ku ɗebi yaran nan ku kai su Hasumiyar Gobarau, ku shiga gidan tarihi da ke tsohuwar Kwalejin Katsina, ku bi abin da ya rage na ganuwa, in da hali ku wuce Daura rijiyar Kusugu, ku leƙa Durɓi ta Kusheyi. Kowa ya riƙe littafi da biro ya amsa tambaya huɗu a kowane wuri: wa ya gina, da me aka gina, don me, kuma me ya same shi daga baya. Yaron da bai iya tsayawa minti 20 gaban Gobarau ya lura da inda aka yi gyara da inda yake tsohon gini ba, ko kun kai shi Atina babban birnin Girka ba abin da zai gani sai tarin duwatsu. Nan ne ma za ku gane wa ya cancanci tafiya. Sannan ku ɗan yi masu darasi a kan cewa mutanen nan ba baƙi ba ne gare mu, Aflatun da Arisɗo da Sukrat sunayensu na nan cikin littattafan malamanmu, an fassara ayyukan Aflatun da Arisɗo zuwa Larabci a Bagadaza zamanin Abbasiyawa, su Hunainu ɗan Ishaƙa suka yi aikin, su Alfarabi da Ibn Rushdi suka yi sharhi, kuma ilimin manɗiƙi da ake karantawa a zaure daga can tushensa yake. Wannan bayanin kaɗai yana kwantar da hankalin iyaye da yawa.

Maganar iyaye kuwa kar ku ɓoye masu komai. Ku tara su ku faɗa masu akwai gumaka, da yawansu ma ba sutura a jikinsu, kuma za a kalle su ne a matsayin tarihi da gwanintar sassaƙa. Wanda bai yarda ba a bar mashi ɗansa ba tare da ɓacin rai ba. In akwai ɗalibai mata lallai a tafi da malama, a yi maganar muharrami tun wuri, ɗakunan kwana daban. Ni a ganina kar ku wuce mutum 15 zuwa 20 da malamai ukku, fiye da haka kiwo za ku koma yi ba koyarwa ba.

Biza ita ce babban aiki. Girka na cikin ƙasashen Shengen, wato ƙasashen Turai masu amfani da biza ɗaya, ofishin jakadancinsu na Abuja, kuma doka ta ba da dama a nema tun wata 6 kafin tafiya, don haka kar ku jira sai saura sati ukku ku fara guje-guje. Yawanci amsa na fitowa cikin kwana 15 amma tana iya kaiwa 45. Fasfo ya zama yana da sauran aƙalla wata 3 bayan ranar dawowa, inshorar lafiya ta tafiya wadda ta kai Yuro 30,000, takardar makaranta mai sunan kowane ɗalibi da lambarsa, shaidar masauki da tikiti, bayanan asusun banki na wanda ya ɗauki nauyi, da jadawalin tafiya rana bayan rana. Kuɗin biza na babba Yuro 90 ne, sai dai dokar Shengen ta yafe shi ga ɗalibai da malaman da ke rakiyarsu in tafiyar ta karatu ce, saboda haka ku sa makaranta ta rubuta haka ɓaro-ɓaro a wasiƙa. Dan Allah kar a saka sunan ɗan wani ko ƙanen wani da ba ɗalibi ba a cikin jerin, kuma wanda kuka san yana da niyyar sulalewa in an isa can ku cire shi tun a gida, mutum ɗaya ya gudu ya rufe ma na baya ƙofa kenan.

Ba jirgin da ke tashi kai tsaye daga Najeriya zuwa Atina, sai kun yada zango, ko ta Alƙahira ko Istambul ko Adis Ababa, daga Kano ko Abuja. In kun sauka akwai jirgin ƙasa na metro layi na 3 da zai kawo ku tsakiyar gari cikin kamar minti 40, amma da tarin yara da akwatuna ga gajiya gara ku yi shatar bas tun kafin ku taso. Masauki ku nema kusa da unguwannin Monastiraki ko Plaka ko Koukaki yadda za ku riƙa takawa da ƙafa. Ku sayi adafta tun a nan don soket ɗinsu mai baki biyu ne zagayayye, namu mai baki ukku ba zai shiga ba.

Lokaci: ƙarshen Maris zuwa Mayu, ko Oktoba. Nasan wani zai ce mu 'yan Katsina wace rana ce ba mu gani ba, toh a Yuli da Agusta zafi kan wuce digiri 40 kuma saman dutsen Akropolis, inda manyan kufan Atina suke, ba inuwa ko ta sisin kwabo, har rufe wurin hukuma kan yi da tsakar rana, ga tsada ga cunkoso. Ku duba kar ya faɗo cikin azumi ko jarrabawa, ku kuma sani wuraren tarihi na rufe ranar 25 ga Maris da 1 ga Mayu da Lahadin Ista, kuma Istansu sau da yawa ba rana ɗaya take faɗowa da ta kiristocin nan gida ba.

Akropolis ku ba shi safiya guda cur, ku shiga da zarar an buɗe ƙarfe 8. Tun 2023 aka ƙayyade mutum 20,000 a rana kuma tikiti da lokacinsa yake zuwa, ku saya ta intanet tun da wuri. Takalmi mai kama ƙasa, don dutsen mabul ɗin nan ƙafafu sun goge shi ya yi santsi sosai, silifas bai yi, takalmi mai tsini kuwa an ma hana. Ku ɗauki ɗan jagora mai lasisi, don a dokarsu sana'ar jagora sai mai lasisi, amma kar ku bar shi ya yi ta zuba yara na hamma. In kun iso gaban Fatenon, wato babban ɗakin bautar da aka gina tsakanin 447 da 432 kafin Miladiyya zamanin Ferikilis jagoran Atina, ku sa su ƙirga ginshiƙai da kansu, 8 a gaba 17 a gefe. Sai kowa ya tsuguna a kusurwa ya sa idonsa daidai da matakala ya hango ɗaya ƙarshen, zai ga daɓen ba a miƙe yake ba, ya ɗan yi tozo a tsakiya, ginshiƙan ma sun ɗan kumbura a tsakiya sun ɗan karkata ciki, kuma da gangan magina suka yi haka. Nan za ku ga ɗaliban gini sun yi tsit. Daga nan a ba su sauran labarin: ginin nan ya zama coci, da Turkawan Usmaniyya suka ci Atina a 1458 ya koma masallaci har da hasumiya, sannan a 1687 sojojin Benis, da ke ƙasar Italiya a yanzu, suka harba igwa ta faɗa kan albarushin da aka ajiye ciki, tsakiyar ginin ta tarwatse. Kaga tambayoyin nan huɗu duk sun samu amsa a wuri guda.

Da yamma ku sauka gidan tarihin Akropolis da aka buɗe a 2009. Akwai sassaƙen mata shidda da ke ɗauke da rufin wani ɗaki a bisa kawunansu, waɗanda kuka gani a saman dutse kwafi ne, na ainihi biyar na nan ciki kuma an bar gurbin ta shiddan fanko saboda tana Landan, tana cikin kayan da Lord Elgin jakadan Birtaniya ya kwashe a farkon shekarun 1800. Ku tsayar da yara gaban gurbin nan ku buɗe muhawara a kan kayan Binin da Turawan Ingila suka kwasa a 1897, za ku sha mamakin yadda baki zai buɗe.

Washegari tsohuwar kasuwa da dandalin gari da ake kira Agora, inda Sukrat ya riƙa tare mutane da tambayoyi har aka yanke mashi hukuncin kisa a 399 kafin Miladiyya. A Monastiraki ga masallacin Tzistarakis na 1759, yanzu ba a salla ciki amma ginin na nan. Babban gidan tarihi na ƙasa ku ba shi rabin yini, kuma kar ku ce sai kun ga komai, ba za ku iya ba. Ku raba yara gida-gida kowane rukuni da abu biyu da zai nemo ya yi ma sauran bayani: fuskar zinaren da Bajamushe mai tonon kufai Schliemann ya tono a tsohon birnin Maisini a 1876, da na'urar Antikitera da aka tsamo a 1901 daga wani jirgin ruwa da ya nutse tun zamanin da, ƙarfen tagulla ne mai ƙafafun haƙora irin na cikin agogo da ake lissafin tafiyar rana da wata da husufi da shi sama da shekara 2,000 da suka wuce. Akwai kuma gidan Benaki na fasahar Musulunci ga mai sauran ƙarfi.

Wajen gari fita biyu ta isa. Ɗaya Delfi, tsohon wurin bautarsu da duba, tafiyar kamar awa biyu da rabi, a gefen dutsen Farnasos, akwai hawa sosai a riƙe ruwa. Ɗayar kuma ku bi ta mashigin ruwan Korinti da aka haƙa aka gama a 1893, ku tsaya Maisini ku ga ƙofar zakuna, ku ƙarasa Efidauros inda dandalin wasan kwaikwayo mai cin mutum kusan 14,000 yake. A can ku tura kowa can sama layin ƙarshe, ɗalibi ɗaya ya tsaya tsakiyar fili ya yi magana da muryarsa ta kullum ba lasifika, za su ji shi. Olimfiya inda aka fara wasannin Olimfik a 776 kafin Miladiyya tana da nisa, sai da kwana, in kuɗi bai kai ba ku je filin Panatenaik na cikin Atina inda aka yi wasannin 1896. Tsibiran da ake ta nunawa a Instagram kuwa ku manta da su, ba su kuka je yi ba.

Abinci, nan ne nake so ku buɗe kunne. Naman nan da ake yankawa a jikin ƙarfe mai juyawa, giros, da tsirensu suflaki, a Girka yawanci naman alade ne, kar yaro ya hango ya ce ai shawarma ce. Kowa ya haddace: hirino alade, kotopulo kaza, arni rago, moshari naman shanu. Ko kazar ma sau da yawa wuƙa ɗaya da farantin gashi ɗaya ake amfani da su, ga maganar yanka, don haka nama ku bari sai shagunan halal na 'yan Pakistan da Bangladash da Larabawa da ke wajen dandalin Omoniya a cikin Atina, a je da rana a ƙungiya. Sauran lokaci ku tambayi nistisima, abincin azuminsu ne da ba nama ciki. Akwai fasolada miyar farin wake, gigantes manyan wake da tumatir, gemista tumatir da tattasai da aka cusa ma shinkafa amma a tambaya don wasu na sa niƙaƙƙen nama, spanakopita mai alayyahu da cuku, kifi gasasshe, salak mai zaitun da cukun feta. Da safe kuluri, burodi ne zagayayye mai riɗi, arha ne kuma ana saida shi a bakin titi. Lukumades kamar fankenmu yake sai dai zuma ake kwarara mashi. Ku riƙa tambaya ko an sa giya a girki don suna sawa a wasu miyoyin, kuma in an gama cin abinci mai gida ya kawo ɗan ƙaramin kofi kyauta mai kama da ruwa, giya ce, a yi godiya a mayar. Ku tafi da yaji da garin kwaki, amma kilishi da dambun nama da madara doka ta hana shiga da su Tarayyar Turai, ƙwacewa za a yi a filin jirgi.

Ruwan famfo a Atina ana sha, kowa ya riƙe gora ya riƙa cikawa, ita ce kuma butarsa don ba za ku samu buta a banɗaki ba. Alƙibla kudu maso gabas take. Juma'a akwai masallacin Botanikos da aka buɗe a 2020, ba shi da girma sosai, a fita da wuri.

Fasfo duk su zauna wajen malami ɗaya a masauki, kowa ya yawata da kwafi da katin otal a aljihu, jaka a gaba in an shiga metro saboda 'yan sane, lambar gaggawa 112. Kar wanda ya ɗauki ko tsakuwa daga kufai ya sa a aljihu, laifi ne babba a dokarsu kuma kama mutum ake. Kullum bayan isha'i a zauna rabin awa kowa ya karanta abin da ya rubuta ranar, a tattara littattafan kafin a hau jirgin dawowa, in an iso Katsina cikin sati biyu a kira iyaye da waɗanda ba su samu zuwa ba, kowane rukuni ya tashi ya gabatar da nasa.