Yadda Ake Zaɓen Bindigar Farautar Ɓauna da Sauran Manyan Namun Daji

Dattawan mafarauta na Safana da Batsari har yanzu suna ba da labarin zamanin da ake shiga dajin Rugu a ci karo da manyan namun daji, amma duk wanda ya san halin da dajin yake ciki a yau ya san cewa naman ya ƙare, dajin ma kansa ba ya shiguwa. Saboda haka Bakatsinen da yake sha'awar farautar ɓauna ko gwanki ta hanyar da doka ta yarda, dole ne ya yi tafiya, ko dai zuwa yankunan farauta na arewacin Kamaru da ke kewaye da gandun dajin Benuwe da Faro da Buba Njida, waɗanda ake shiga ta Garwa, ko kuma ya nausa Tanzaniya da Zimbabwe da Namibiya. Tambayar da kowa yake fara yi kafin tafiyar ita ce wace bindiga zai riƙa, kuma kuskuren da na fi gani shi ne mutum ya ɗauka cewa wadda ta fi girman baki ita ce ta fi.

Kafin a je ga maganar girman baki, sai an wuce ta ƙofar doka. Dokar bindigogi ta Najeriya ta 1959 ta kasa makamai kashi uku. Akwai waɗanda aka haramta, da ba a riƙe su sai da izinin shugaban ƙasa; akwai bindigogin amfanin kai, da suka haɗa da na farauta, waɗanda lasisinsu ke hannun Sufeto Janar na 'yan sanda; sai kuma bindigogin gargajiya da ake ɗura wa albarushi ta baki, irin adaka, waɗanda kwamishinan 'yan sanda na jiha yake ba da izininsu. Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba shi ne dokar ta lissafa bindigogi masu bakin milimita 7.62 da milimita 9 da inci .300 da inci .303 a matsayin na soja, wato suna cikin kashi na farko. Wannan ya shafi wasu shahararrun bindigogin farauta na Amurka da faɗin harsashinsu ya zo daidai da waɗannan, don haka kada mutum ya karanta yabonsu a mujallar waje ya sa rai. Ga shi kuma hukumar 'yan sanda ta sha sanar da dakatar da bayar da sabon lasisi saboda matsalar tsaro. Wanda ba shi da takarda a hannu, kada ya kusanci dillalin bayan fage ko da wasa. Kamfanonin da ke gudanar da yankunan farauta suna da bindigogin haya masu rajista, kuma duk abin da zan faɗa a nan yana da amfani wajen zaɓen wadda za a karɓa haya. Haka nan giwa da zaki suna ƙarƙashin kariyar dokar 1985 ta namun da ake tsoron ƙarewarsu, kuma babu farauta a Yankari ko Gashaka-Gumti.

Ɓauna ita ce ma'aunin babbar bindiga. Fatarta kauri gare ta, haƙarƙarinta masu faɗi ne, ƙashin kafaɗarta kuma yana iya tsayar da ƙaramin harsashi kafin ya kai ga huhu. Ɓaunar yammacin Afirka, mai jaja-jajan gashi, ba ta kai ta gabashi da kudancin nahiyar girma ba, wadda namijinta kan haura kilo 700, amma dukansu hali ɗaya gare su idan aka yi musu rauni: sai su shige duhuwa su laɓe su jira mai bin sawu. Wannan ne ya sa ƙasashen farauta suka sa iyaka. Tanzaniya ba ta yarda a harbi naman da ke da haɗari da abin da bai kai inci .375 ba, Zimbabwe da Namibiya kuma suna da nasu ma'auni na ƙarfin harsashi.

A ganina, ga mutum tara cikin goma, amsar ita ce .375 H&H, wadda kamfanin Holland & Holland na Landan ya fitar a 1912. Faɗin harsashinta milimita 9.5 ne, nauyinsa giram 19 da 'yan kai, yana fita da gudun kusan mita 770 a daƙiƙa ɗaya. Wannan ya isa ya ratsa kafaɗar ɓauna, kuma tafiyarsa a miƙe take yadda za a iya harbin gwanki ko kanki da ita daga mita 200 ba tare da dogon lissafi ba, wato bindiga ɗaya ta ɗauke wa mutum nauyin biyu. Kwanson harsashinta mai tsukewa ne zuwa sama, shi ya sa yake zamewa cikin ɗaki, wato gurbin da harsashi ke zama kafin a harba shi, ya fito ba gardama ko da rana ta gasa ƙarfen. Babbar fa'idarta kuwa, wadda ba a cika ambata ba, ita ce da wuya a je sansanin farauta a Afirka a rasa harsashinta, kuma wanda jakarsa ta taɓa maƙalewa a filin jirgi ya san darajar wannan.

Ƙanwarta ita ce 9.3x62, wadda Otto Bock ya ƙera a Balin a 1905 domin Jamusawan da ke zaune a Afirka. Shurinta ya fi sauƙi, bindigar ba ta da nauyi, kuma ta kashe ɓauna ba adadi, sai dai tilas ne a tambaya tukuna ko ƙasar da za a je ta yarda da ita. Sama da .375 akwai .416 Rigby ta 1911, mai harsashin giram 26, wadda aka yi wa ƙaton kwanso da gangan domin kada zafin ƙasashenmu ya sa matsin albarushi ya yi yawa. Daga nan sai .458 Winchester ta 1956 da .470 Nitro Express ta 1907, masu jefa harsashin giram 32. Waɗannan na ƙarshe kayan aikin jagoran farauta ne, mutumin da aikinsa shi ne tsayar da naman da ya taso wa mutane daga taku goma, kuma baƙon da ya zo farautar mako biyu ba shi da bukatarsu.

Dalilin da ya sa nake nanata wannan shi ne shuri. Kowace bindiga tana dukan kafaɗa gwargwadon nauyin abin da ta jefa, kuma shurin .375 ya kusan ninka na matsakaiciyar bindigar barewa, na .458 kuwa ya ɗara na .375 da fiye da rabi. Na ɗanɗana wannan da jikina a wani sansani, ranar da aka kai mu gwajin saiti kafin shiga daji. Na nace sai an ba ni .458, na kwantar da kai a kan ƙota, na matso da ido kusa da madubin hange, na ja kunama. Bakin madubin ya sare ni a gira, jini ya gangaro har cikin ido, kunnena yana ƙugi. Harbi na biyu da na uku duk ƙasa suka tafi, nesa da farar takardar da aka manna a jikin kwali. Jagoran namu, wani dattijo mai jin Hausa da Fulatanci, bai ce komai ba, sai ya karɓi bindigar ya juya baya kamar yana ɗura ta, ya miƙo mini. Na ja kunama, ba ta tashi ba domin babu komai a ciki, amma kowa ya ga yadda na runtse ido na dunƙufar da bakin bindigar ƙasa. Ya ce, "Alhaji, ka gani? Tun kafin ta tashi ka riga ka guje mata. Karɓi wannan." Ya ba ni tsohuwar .375, kuma sai da na yi kwana biyu ina harbin kwali kafin hannuna ya dawo daidai. Wannan gwaji na bindiga marar harsashi shi ne mafi gaskiyar ma'auni da na sani, kuma ya kamata duk mai zaɓe ya sa wani ya yi masa shi. Harsashin .375 da ya shiga huhu ya fi na .470 da ya sauka a tumbi, domin na biyun ya bar dabba cikin azaba, ya kuma jefa masu bin sawu cikin haɗari, alhali su ne ke gaba, yawanci ba su riƙe da komai sai sanda.

Bayan girman baki sai tsarin bindigar. Mai baki biyu tana ba da harbi biyu a jere cikin ƙiftawar ido, amma tsadarta ta wuce misali, kuma ba ta nesa ba ce. Abin da ya fi dacewa shi ne mai sakata, wadda ake ja da hannu a fitar da kwanso a tura sabon harsashi, musamman mai tsarin Mauser na 1898. A wannan tsari akwai wani dogon ƙarfe mai kamar farce da yake cafke gindin harsashi tun daga fitowarsa daga gidansa har shigarsa ɗaki, don haka ko mutum yana gudu, ko bindigar tana karkace, harsashin ba ya faɗuwa, biyu kuma ba sa cushewa a hanya ɗaya. CZ 550 da wasu nau'o'in Winchester Model 70 a kan wannan tsari aka gina su. Kada a yarda da maganar mai bindigar cewa ba ta cijewa, sai an gwada. A cika gidan harsashi, a juya bakin bindigar inda babu kowa, a ja sakatar da ƙarfi da sauri har ta zubar da su duka, a maimaita sau da yawa. Wadda ta cije sau ɗaya a inuwar sansani za ta cije a gaban ɓauna.

Nauyi ma abin dubawa ne, domin bindiga marar nauyi ta fi shuri. Kilo huɗu zuwa huɗu da rabi ya dace da .375 tare da madubinta, abin da ya wuce haka kuma zai gallabi mutum idan ya wuni yana bin sawu a cikin rana. Tsawon ƙota ya zama daidai da hannun mai ita, yadda idan ya rufe ido ya ɗaga ta zuwa kafaɗa ya buɗe, zai tarar da saiti a gabansa ba sai ya lalubo ba. A duba bayan ƙotar akwai roba mai kauri, a kuma duba itacen a bayan sakata da wuyan riƙo, domin nan ne shuri yake fara tsaga shi, kuma bushewar hunturu irin tamu tana ƙara buɗe tsagar. Madubin hange ya zama mai ƙaramin ƙarfi, daga ninki ɗaya zuwa huɗu ko biyar, tunda yawancin harbin ɓauna bai wuce mita 80 ba, kuma ya bar tazarar aƙalla santimita tara tsakaninsa da ido. Ya fi kyau a sami wanda ake cirewa da hannu, a bar saitin ƙarfe na asali a jikin bindigar.

Harsashi iri biyu ne: mai taushin kai, wanda yake buɗewa a cikin nama ya yi ɓarna mai faɗi, da dunƙulalle wanda ba ya buɗewa, aikinsa ratsa ƙashi. An saba sa mai taushin kai a harbin farko, dunƙulallu a ƙarƙashinsa domin naman da ya juya baya yana gudu, amma a bi shawarar jagora, a kuma tabbatar duka biyun suna sauka wuri ɗaya a kan takarda. Kada a bar su a gaban mota rana tana dukansu. Game da man da ake shafa wa bindiga kuwa, kaɗan ya isa, domin ƙura tana haɗuwa da shi ta zama kamar taɓo a cikin sakata. A goge ta da ƙyalle kowace yamma.

Atisaye a tsaye ake yinsa, a ɗora bindiga a kan sanduna uku da aka ɗaure kansu, domin haka ake harbi a daji, kuma harbi biyar ko shida a zama ɗaya sun isa, tare da toshe kunne. Ga Musulmi, a tuna da bisimilla lokacin jan kunama, idan kuma an tarar da dabbar da sauran rai a yanka ta, bayan jagora ya tabbatar ba za ta tashi ba. Wanda zai tafi da bindigarsa ta kansa, sai ya nemi izinin fita da ita daga nan da izinin shiga da ita can tun da sauran watanni, ya sanar da kamfanin jirgi tun lokacin sayen tikiti, ya sa ta a akwati mai kwaɗo ba harsashi a cikinta, harsasan kuma a nasu akwatin daban, kada nauyinsu ya wuce kilo biyar.